Turancin Kasuwa Cike Yake Da Dabbobi

Ɗan kasuwar da ya taso daga Damagaram zuwa Maigatari ranar Alhamis ba ya buƙatar tafinta wajen ciniki, domin da Hausa ake tayawa, da Hausa ake sallamawa. Matsalar tana tasowa ne idan aka zo kan takarda, ko kuwa aka kunna rediyo ana labarin farashin naira da Turancin Ingilishi, alhali shi Faransanci ya ɗan taɓa a lakwal. To sai dai abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kalmomin kuɗi na Ingilishi da dama daga jikin dabbobi aka ciro su, kuma babu wanda ya kai mai harkar kara sanin halin dabba.

Mu fara da sunayen, tunda su ake rubutawa a takardar likitan dabbobi. Bijimi shi ne bull, saniya cow, karsana heifer, maraƙi calf. Rago ram ne, tunkiya kuwa ewe. Dillali ya san ratar kuɗin da ke tsakanin karsana da tsohuwar saniya, don haka kada ya yarda a rubuta masa cow a inda heifer ya saya.

Shi wannan bull ɗin bai tsaya a kara ba. Idan aka ce bull market, ana nufin farashi yana hawa, masu saye sun yi ƙarfi. Bayanin da aka fi yi shi ne, bijimi daga ƙasa yake ɗago ƙaho ya yi sama da abin da ya tunkuya. A birnin New York na Amurka har gunkin bijimi na tagulla aka kafa a 1989 kusa da kasuwar hannun jari.

Kishiyarsa ita ce bear market, wato kasuwa tana faɗuwa. Bear wata ƙatuwar dabba ce mai gashi ta ƙasashen sanyi, babu ita a dajinmu. Asalin kalmar ya fi ban sha'awa: a Landan, wajen 1720, ana kiran masu sayar da hannun jarin da ba su mallaka ba tukuna da masu sayar da fatar bear kafin su kama ta. Bahaushe cewa zai yi cinikin biri a sama. Irin waɗannan mutane fatansu kullum farashi ya karye, su saya da araha su cika alkawari. 'Yan canjin bakin iyaka da suka ga yadda naira ta zube a gaban sefa bayan watan Yuni na 2023 ba sa buƙatar ƙarin bayani.

Akwai kuma loan shark, mai ba da bashi da ruwa mai yawa, wanda aka kwatanta da wani babban kifin teku mai cin nama. Cash cow kuwa hajar da take kawo riba kullum ce, kamar saniyar tatsa.

Har ila yau, cattle, wato shanu, da capital, wato jari, tushensu ɗaya ne, daga kalmar Latin mai nufin kai. Makiyayinmu ma har gobe idan ya ce zai kai dukiya rafi, shanunsa yake nufi.