Ko ka sani? Injin yanka ƙarfe kan kauce, kwamfuta ta maido shi kan hanya

Sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya tana ƙara tsawo da kusan maikron 12 duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Maikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kan mutum kuwa wajen maikron 70 ne. Ke nan injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa don sassaƙa kayan mota da na jirgin sama, in sandarsa mai tsawon mita ɗaya ta yi ɗumi da digiri shida kawai, bakin yankansa ya kauce da kaurin gashi guda. Wannan miƙewar ƙarfe saboda zafi ce ta sa tun 1931 aka tsai da digiri 20 a matsayin zafin da ake awon kayan masana'antu a kansa. Ba zafi kaɗai ba ne: injin da ke tafiya ta fuska uku yana da hanyoyin kaucewa 21, daga karkata zuwa rashin cikar kusurwa.

A da, ƙwararren maƙeri ne ke kankare layin injin da hannu har ya miƙe, kuma har yau ana yi wa injuna masu tsada haka. Amma kankara ba ta maganin karkatar da sai injin ya ɗau zafi take bayyana. A nan kwaikwayon kwamfuta ya yi rana. Injiniyoyi kan zana injin a kwamfuta, su rarraba jikinsa zuwa dubban gutsattsari, su lissafa yadda kowanne zai miƙe ko ya lanƙwashe saboda zafi da nauyi. Da wannan ake sanin inda za a ƙara kauri tun kafin a zuba narkakken ƙarfe, da inda za a dasa ma'aunin zafi. In injin ya fara aiki, kwamfutarsa ta riga ta san iya kaucewar da za ta biyo baya, sai ta gusar da bakin yankan ta ɗaya ɓangaren. Kamfanin Okuma na Japan ya daɗe yana ƙera injunansa a kan wannan tsari, kuma a ganina ya fi sanyaya masana'anta gaba ɗaya sauƙin kuɗi.

Wani zai ce ai kwaikwayo hasashe ne, ƙarfe kuma bai san lissafi ba. Da gaskiyarsa, shi ya sa ba a yarda da lissafin sai an gwada shi da awo. Ana auna tafiyar injin da hasken leza, ko da sandar awo mai ƙwallo a kowane baki wadda James Bryan ya ƙirƙiro a Amurka farkon shekarun 1980: injin ya zaga da ita, ita kuma ta nuna inda da'irar ta bauɗe. Abin da awon ya nuna shi ake mayarwa cikin kwamfuta a gyara lissafin. Iyakar dabarar ita ce kuskuren da ke maimaita kansa kaɗai take iya gyarawa. Boris ɗin da ya cinye ko kusoshin da suka saki, yau su kauce hagu gobe dama, sai makaniki ya kwance injin ya canza su.