Reza ɗaya, aski shida: abin da wani tsohon wanzami ya koya mini a Tamale

Tun ina ɗan shekara talatin sanƙo ya fara cin gaban kaina. Da na ga abin ba mai tsayawa ba ne, sai na haƙura na koma askin ƙwal-kwabo. Duk ranar Litinin da safiyar Juma'a nake kwashe ɗan abin da ya rage. Da can shagon aski nake zuwa a Sabonjida. Amma a ƙarshen 2022, da darajar sidi ta faɗi warwas har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, sai na zauna na yi lissafi. Aski takwas a wata, ga cefane, ga kuɗin makarantar yara. Na shiga kasuwar Aboabo na sayi abin aski na ƙarfe, irin wanda ake murɗewa a sa reza a ciki, na haɗa da fakitin reza, na ce daga yau ni ne wanzamin kaina.

Ba a je ko'ina ba na fara jin jiki. Reza ɗaya aski biyu take yi mini. A na uku sai ta riƙa fizgar gashi, ƙeyata ta cika da ƙuraje. Na sauya kamfani har sau uku, duk kanwar ja ce.

Wata rana bayan la'asar na biya wajen tsohon wanzamin da ya yi wa 'ya'yana askin suna. A gindin wata darbejiya yake zama a cikin zango, zabirarsa a gefe. Sana'ar tasu ta daɗe a ƙasar nan, har Dagwamba ma "wanzam" suke kiran mai yin ta. Na cire hula na nuna masa ƙeya. Ya shafa kan, ya tambaye ni yadda nake yi. Na ce ina yayyafa ruwa, in goga sabulu, in fara.

"Ɗana, ai ba laifin reza ba ne," in ji shi. "Busasshen gashi kake yanka. In ka gama kuma ina kake ajiye ta?"

Na ce, "A banɗaki, Baba, kan katanga."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya zaro askarsa ya nuna mini. "Wannan ta girme ka. Ba ta taɓa kwana da laima a jikinta ba."

Daga baya na karanta wani bincike da masana a cibiyar MIT ta Amurka suka buga a mujallar Science a 2020. Sun sa reza a ƙarƙashin na'urar da ke nuna ƙananan abubuwa, suna kallo tana yanka gashi. Sun ga cewa gashi, duk da ya fi ƙarfen reza laushi kusan ninki 50, yana iya ɓantare bakinta, musamman idan ya lanƙwashe ya haɗu da kaifin a karkace. Wato reza ba cinyewa take yi a hankali kaɗai ba, giɓi-giɓi take yi waɗanda ido ba ya gani. Ruwan da aka bari ya bushe a kanta kuwa yana barin gishiri da ragowar sabulu, ya buɗe wa tsatsa hanya.

To ga yadda nake yi yanzu. Idan gashi ya wuce kwana huɗu ko biyar, sai na fara rage shi da injin aski tukuna, don dogon gashi shi ya fi lanƙwashewa. Sannan in jiƙa kai da ruwan ɗumi na minti uku, ko in yi askin bayan wanka. Da hunturu, lokacin da fata ke bushewa kamar ƙirgi, nakan shafa ɗan man kaɗanya tun da dare. Sabulun salo nake amfani da shi, kumfarsa na da santsi. Ba na danna reza, nauyin ƙarfen ya isa, kuma ina bin kwanciyar gashi. Bayan ja biyu ko uku sai in ɗauraye ta a kofin ruwa. Da can buga ta nake yi a bakin bokiti don gashin ya fita, ashe kaifin nake kashewa da hannuna.

In na gama, sai in kwance abin askin, in wanke rezar, in yarfe ruwan, in bar ta ta sha iska. Ba na goga bakinta da tsumma. Sai in ɗiga mata man jarirai, in ajiye a ɗaki cikin wani ɗan akwati mai murfi. Da damina wannan ya fi muhimmanci, don laimar banɗaki a watan Agusta ba ta barin ƙarfe lafiya. Da haka reza ɗaya take yi mini aski biyar, wani lokaci shida.

Na tambayi Baba ko in riƙa wasa ta a dutse kamar askarsa, ya ce kul. Gaskiyarsa kuwa. Tun da King Camp Gillette ya fara sayar da irin wannan reza a Amurka a 1903, don a yi amfani a yar aka ƙera ta. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da mai ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, da wani siririn shafe a bakinta mai sa ta sulɓi. Dutse kankare shafen nan zai yi. Da zarar ta fara jan gashi, ta gama aiki.

Amma tattali yana da iyaka, kuma ba a littafi na koyi wannan ba. Bara ƙanena ya je bayar da jini ga wata 'yar'uwarmu, aka gwada shi aka ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Shekaru muka yi a ɗaki ɗaya muna samari, reza ɗaya, abin yankan farce ɗaya. Likita ya ce ba a iya sanin inda ya samo shi, don da yawa tun a haihuwa ko a ƙuruciya suke ɗauka. Amma ya tambaye mu batun reza, gabana ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayar cutar na iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, kuma ɗan jinin da ido bai gani ba ya isa. Goge reza da sifirit a gurguje ba tabbas ba ne. Na yi gwaji, Allah Ya tsare, na karɓi allurar rigakafi guda uku cikin wata shida. A 2002 ne Ghana ta sa allurar cikin rigakafin jarirai, ke nan yawancinmu da aka haifa kafin nan ba mu samu ba. Duk wanda bai taɓa gwadawa ba, ya daure ya je.

Saboda haka ka ja kwanan rezarka yadda za ka iya, amma a kanka kai kaɗai. Ba aro, ko ga ɗan ɗakinku. In wajen wanzami ko shago za ka je, ka tafi da taka, ko a ɓare sabuwa a gabanka. Baba da kansa yanzu sabuwar reza yake sa wa kowane jariri. Tsohuwar kuma kar a jefa ta a kwata ko bola, yara na tsinta su feƙe fensir ko su yanke farce. Ni gwangwanin madara na huda wa murfi nake zura su ciki, in ya cika in doɗe bakin.

Ƙanena yana zuwa asibiti ana duba shi, kuma yana cikin ƙoshin lafiya, alhamdu lillahi. Ranar Juma'ar da ta wuce ya kwana a gidana, da safe ya leƙo ya ce, "Yaya, ba ni aron abin askinka mana." Na miƙa masa wani sabo da na saya na ajiye dominsa, da sunansa a jikin akwatin.