Me ya sa a-kori-kurarka ta koma shan mai? Yadda za ka gano matsalar kafin ka kashe kuɗi a gareji

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lissafin duk mai mota a Najeriya ya sauya. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa Oktoban 2024 ta tsallake naira 1,000 a garuruwa da dama.

Masu a-kori-kura na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa. Ita ce motar da ke kwaso buhunan masara daga gona, ta kai siminti wurin gini, ta yi jigilar kaya ranar kasuwa. Tankin Hilux na ɗaukar kusan lita 80, don haka duk lokacin da allurar mai ta sauka da wuri, ribar ranar ce ke tafiya da ita.

Da yawa idan suka ga haka sai su garzaya gareji, a sauya fulogi, a wanke injekta, a sayi fanfon mai sabo, amma shan man na nan yadda yake. Dalili kuwa shi ne an fara magani kafin a gano ciwo.

Fara da awo, ba da zato ba

Allurar mai ba ma'auni ba ce da za a dogara da ita. A motoci da yawa takan daɗe a sama bayan an cika tanki, sannan ta riƙa faɗuwa da sauri idan ta wuce rabi.

Hanyar da ta fi tabbas ba ta buƙatar ko sisi. Ka cika tanki har fanfon gidan mai ya tsaya da kansa. Ka mayar da ma'aunin tafiya zuwa sifiri, ko ka rubuta kilomitan da ke jikin mita. Ka ci gaba da harkokinka kamar kullum. Idan ka dawo shan mai, ka sake cikawa a fanfo ɗaya, ka rubuta litar da ta shiga. Sai ka raba kilomitan da ka yi da yawan litar.

Misali, idan ka yi kilomita 400 tanki ya ɗauki lita 50, motarka na yin kilomita 8 da lita ɗaya. Idan bayan wata uku wannan tafiyar ta koma cin lita 62, ka sauko zuwa kusan kilomita 6 da rabi.

Bambancin lita 12 ne kacal a ido. Amma ga wanda ke yin kilomita 2,000 a wata, lita 60 ke nan. A kan naira 900 kowace lita, asarar ta kai naira 54,000, wato sama da kashi uku cikin huɗu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Ka maimaita awon sau uku kafin ka yanke hukunci, domin tafiyar Kano zuwa Kaduna a kan kwalta ba ɗaya take da yawon cikin gari a gosulo ba.

Man ya shiga injin kuwa?

Kafin a ɗora wa inji laifi, a tabbatar man ya kai gare shi. Akwai hanyoyi uku da mai ke ɓacewa tun kafin a ƙona shi.

Na farko yoyo. Ka ajiye motar a busasshen wuri ta kwana, da safe ka leƙa ƙarƙashinta. Warin fetur a kusa da tanki ko cikin bonet ba abin wasa ba ne, domin bayan asarar kuɗi akwai haɗarin gobara.

Na biyu awon fanfo. Idan lissafinka na lalacewa ne kawai a duk lokacin da ka sha mai a wani gidan mai, ka gwada wani wurin ka kwatanta.

Na uku hannun mutum. Idan ba kai ke tuƙa motar ba, ajiye littafin da ake rubuta kilomita da lita a kowane shan mai ya fi zargin da babu hujja. Yana kare mai mota, yana kuma wanke direban da ke da gaskiya.

Ingancin man ma na da tasiri. 'Yan Najeriya ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, ya lalata injinan motoci. Man galan na 'yan bumburutu kuwa babu mai iya ba ka tabbacin abin da ke cikinsa.

Taya da birki: inda ya fi arha a duba

Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana sa inji ƙarin wahala. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daidaita iskar taya na iya rage shan mai da abin da ya kai kashi 3 cikin 100.

Adadin iskar da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, kuma a a-kori-kura galibi akwai adadi biyu: na lokacin da babu kaya da na lokacin lodi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma kada a bar mai faci ya cika ta da ƙiyasi.

Manyan tayoyi masu kaushi da ake sa wa Hilux don kwalliya suna da tsada biyu. Sun fi nauyi, sun fi jan ƙasa. Sannan suna rikita mita: sauya taya daga 265/65R17 zuwa 265/70R17 na sa mita ta ƙirga kimanin kashi 3 cikin 100 ƙasa da tafiyar da aka yi, sai lissafin ya nuna shan man ya fi yadda yake muni.

Birkin da ke riƙewa shi ma ɓarawon mai ne. Bayan tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kusantar da hannunka ga kowane rim ba tare da ka taɓa ba. Idan ɗaya ya fi sauran zafi sosai, a duba birkinsa ko boris. Tayar da ke cinyewa ta gefe ɗaya kuma alama ce ta cewa saitin ƙafafun motar ya goce.

Masu mota mai jan ƙafa huɗu su tabbatar tana kan 2H idan suna kan kwalta. Barin ta a 4H na ƙara shan mai, yana kuma wahalar da giya.

Al'adar cire tamostat

Wannan na daga cikin manyan dalilan da ake yawan mantawa da su a ƙasar nan. Makanikai da dama sukan cire tamostat daga motar da aka shigo da ita, su haɗa fankar lagireto kai-tsaye, bisa hujjar cewa an ƙera ta ne don ƙasashen sanyi.

Amma an tsara injin ne ya yi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas, ko a Kanada yake ko a Sakkwato. Aikin tamostat shi ne ya kai shi wannan zafi da wuri ya kuma riƙe shi a nan. Idan babu shi, injin kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe da lokacin hunturu. Kwamfutar motar kuwa muddin tana ganin inji da sanyi, ƙarin mai take turawa.

Idan mota na zafi fiye da ƙima, laifin yawanci na lagireto da ya toshe ne, ko fanfon ruwa, ko fanka, ko tamostat ɗin da ya maƙale. Maganinsa a gyara ko a sa sabo, ba a jefar da shi ba.

Kwamfuta da hayaƙin salansa

Idan fitilar gargaɗi mai siffar inji ta kunnu a dashbod, motar na faɗa maka tana da ƙorafi. Rufe fitilar da salatif ko cire ƙwanta ba ya kawar da komai.

Yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da take fitarwa suna nuna inda za a fara dubawa. P0172 na nufin mai ya yi yawa a cakuɗe. P0171 na nufin iska ta yi yawa. P0128 na nuna inji ba ya kai zafin da ya kamata. P0300 kuma na nufin wuta na tsallake.

Lambar ba umarni ba ce na a sayi sabon kaya. Wayar da ta tsinke ko robar iska da ta tsage na iya haifar da lamba iri ɗaya da sensar da ta mutu. Makaniken kirki zai gwada kafin ya ce a sauya.

Sensar iskar oksijin da ke jikin salansa ita ce ke gaya wa kwamfuta ko man da ake ƙonawa ya yi daidai. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce gyara babbar matsala irin mutuwar wannan sensa na iya inganta shan mai da abin da ya kai kashi 40 cikin 100. Shi ya sa duk wanda aka taɓa wa salansa, ko aka cire masa abin tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, ya kamata ya tabbatar ba a yanke wayar sensar ba.

Hayaƙi ma na magana. Baƙi na nufin ana tura mai fiye da wanda ake iya ƙonawa. Shuɗi na nufin inji na cin baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama na iya zama ruwa ne ke shiga inji, ko dizal ne bai ƙone ba.

A injin dizal, abubuwan da aka fi zargi su ne nozul da suka gaji, matatar mai da ta toshe, bututun turbo da ke fitar da iska, da bawul ɗin EGR da ya cika da baƙin toka.

Ƙurar hunturu da hanyoyin karkara na toshe matatar iska da wuri. A tsofaffin motoci masu kafireto da injinan dizal na da, wannan na ƙara shan mai kai-tsaye. A masu injekta kuwa ƙarfin motar ne ke raguwa, sai direba ya ƙara danna totur. Haɗarin da ya fi shi ne matatar jabu ko wadda ta yage, domin ƙura kan wuce ta ɓata sensar da ke auna iska.

Wajen juye, a yi amfani da baƙin man da littafin motar ya ambata. Mai kauri fiye da ƙima yana ƙara wa inji nauyi.

Ƙafar direba

Wani lokaci motar lafiyarta ƙalau. Ƙiyasin hukumomin Amurka ya nuna tuƙin fizga da yawan taka birki na iya ƙara shan mai da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, har zuwa kashi 40 a cunkoso.

A-kori-kura doguwa ce mai faɗin gaba, don haka iska na tare ta fiye da ƙaramar mota. Da zarar an wuce kilomita 80 a awa, shan mai kan fara hawa da sauri. Tsakanin gudun 100 da 130 a tafiyar kilomita 230, abin da za ka rage bai kai minti 35 ba, amma tanki zai ji a jikinsa.

Barin mota a kunne ana jiran lodi na cin kimanin lita ɗaya zuwa biyu a awa, ya danganta da girman inji da ko esi na aiki. Ɗumama inji na minti goma da safe ma ba dole ba ne. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa, sai a tashi a hankali.

A kuma duba bayan motar. Tsofaffin tayoyi, ƙarafa da jarkoki da ke kwana a bodi wata da watanni, duk da manka ake yawo da su.

Dabarun da ba sa aiki

Sauke ƙofar baya don iska ta wuce ba ya rage shan mai. Gwaje-gwaje sun nuna a rufe ta fi, domin iskar da ke kewayawa cikin bodi na taimaka wa ta sama ta zarce.

Ƙwayoyin da ake jefawa a tanki da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai su ma asarar kuɗi ne. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100, ba ta samu wadda ta kawo gagarumin sauyi ba.

Mafi haɗari ita ce kashe inji ko sakin giya a gangare. A motar zamani, idan tana cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, kwamfuta kan yanke man da kanta. Wanda ya kashe inji kuwa ya rasa ƙarfin birki da na sitiyari, da lodi a bayansa. Man da ake son ragewa bai kai ran mutum ba.

Masu tunanin komawa iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023, su je cibiyar da aka amince da ita kawai. Tukunyar na ɗaukar matsin da ya kai ba 200, kuma fashewar da ta auku a wani gidan gas a Benin a Oktoban 2024 an danganta ta ne da tukunyar da ba ta da inganci. CNG kuma ba ta gyara injin da ke da matsala tun farko.

Tsarin da ya fi sauƙi ga aljihu shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi: awo, yoyo, iskar taya, birki da kayan da ke bodi. Daga nan a duba tamostat da matatu, sannan a je kwamfuta. Bayan kowane gyara guda ɗaya, a sake cika tanki a auna. Ta haka ne kawai za ka san ko kuɗin da ka kashe a gareji ya dawo maka a gidan mai.