Kitso da Ƙwarƙwata

Daga cikin ƙananan halittun da Allah Maɗaukaki ya jarrabi ɗan Adam da zama da su, babu wadda ta kai ƙwarƙwatar kai kusanci da shi, domin sauro yakan sha jini ya tashi, kuɗin cizo yakan ƙoshi ya koma tsagar gado, amma ita, tun ranar da aka ƙyanƙyashe ta har ranar ajalinta, ba ta da gida, ba ta da gona, ba ta da rijiya, sai kan bil'adama. Girmanta bai wuce na ƙwayar riɗi ba; ƙafafunta shida ne, kowace da 'yar ƙugiyar da take maƙale silin gashi; ba ta da fiffike balle ta tashi, ba ta kuma iya tsalle irin na ƙuma. Akuya ba ta ɗaukar ta, haka kare da kaza, kuma in ta faɗo ƙasa ta rasa jinin da take tsotsa sau da yawa a yini, da wuya ta wuce kwana biyu da rai. Duk da wannan rauni, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kamar yadda kowace uwa a Madawa, Buza ko Keita za ta shaida, in ta taɓa kwana tana jin 'yarta na susa har asuba.

Magabata sun ɗauka cewa daga gumi da dauɗa ake halittar ta, har ma Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, ya kawo haka a littafinsa Hayatul Hayawan. Wannan zato kuwa bai gushe ba har yau a ƙauyukan duwatsun Adar, inda mata kan yi tafiya mai nisa da rani kafin su samo tulu guda, sai a riƙa ganin duk yarinyar da aka ga ƙwarƙwata a kanta, uwarta ce ƙazama. Bisa haƙiƙa, ƙwarƙwata daga ƙwai take fitowa, kuma ba ta tambayar ko an wanke kai da sabulu ko ba a wanke ba. Hanyarta ita ce kai ya haɗu da kai, a kan tabarmar kwana, ko a makarantar allo inda yara ke cunkushe gaban malam, sa'an nan, a wasu lokuta, aron ɗankwali da hijabi da mataji. Wanda kuma yake ganin abin kunya ne, sai ya tuna da sahabi Ka'abu bin Ujra, wanda a shekarar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, ƙwarƙwata ta dame shi yana cikin harami har tana zubowa a fuskarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai zarge shi ba, sai ya umurce shi da aski da ba da fidiya: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka tunkiya.

Sirrin wannan halitta yana cikin ƙwanta. Macen takan rayu kimanin wata guda, kullum tana saka ƙwai da yakan kai shida ko fiye, tana liƙa kowane a gindin gashi da wani ƙaro wanda ruwa ba ya wankewa, galibi a ƙeya da bayan kunne, inda ɗumi ya fi yawa. Bayan kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya fashe, 'yar da ta fito ta yi saɓa sau uku, cikin kwana goma ko makamancin haka ita ma ta isa saka nata. Ƙaiƙayin kuwa daga yawunta yake, kuma ga yaron da bai taɓa yin ta ba yakan ɗauki makonni kafin ya fara, ta yadda lokacin da uwa za ta farga, zuriya ta riga ta yi jikoki. A nan ne hikimar Bahaushe ta bayyana da ya ce kada a yi kitso da ƙwarƙwata, maganar da 'yan siyasa suka ara suna yi wa juna kashedi da ita, alhali asalinta na tsakar gida ne: makitsiya ta ga alama, ta ji nauyin faɗa wa uwar yarinya, ta ja kitso ta rufe, kai ya yi kyau ranar sallah, abin da ke ƙarƙashi kuma ya sami sati biyu ko uku na zaman lafiya.

Magani na gida wanda hankali ya fi natsuwa da shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, sai dai haƙuri. A tsefe kitson gaba ɗaya, a shafe gashin da man shanu, ko man gyaɗa, ko man kaɗe, har ya yi laushi, domin mai yana daƙile tafiyar ƙwarƙwata ya kuma sauƙaƙa wa mataji hanya. A zaunar da yarinya cikin haske, a raba gashin kashi-kashi, a bi shi da mataji mai ƙananan haƙora tun daga fatar kai har baki, ana goge shi a farin ƙyalle, ana zare ƙwan da farce. Sa'an nan a maimaita bayan kowane kwana uku ko huɗu har mako biyu su cika, saboda mai ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwai, kuma wadda ta yi sau ɗaya ta ce an gama, iyaye kawai ta kashe ta bar 'ya'ya. Ɗa namiji lamarinsa mai sauƙi ne, wanzami da aska sun wadatar. Wasu kan dafa ganyen bedi, wato dogon yaro, su wanke kai da ruwan, itacen da ba ya wuyar samu a kwarin Majiya tun da aka fara dasa shi layi-layi a 1975 don tare iska. A ganina babu laifi in an kiyaye ido, muddin ba a ajiye mataji saboda shi ba. Maganin kanti mai sinadarin fermetirin shi ma sai an sake shafa shi bayan kamar kwana tara, a bisa wannan dalili na ƙwai.

Abin da ya wajaba a tsawatar a kansa shi ne kananzir da fetur da fiya-fiya, da ragowar maganin feshin da ake kai wa albasa a fadamun Tarka, waɗanda wasu ke shafa wa yara don gaggawa. Fatar kan yaro tana shan guba, numfashinsa ma haka, kananzir kuma ba ya jiran izini in aka matso kusa da murhu. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Ko ita ƙwarƙwatar, Risala ta Ibn Abi Zaid ta karhanta a kashe ta da wuta, ina ga a kusantar da wutar ga kan ɗan Musulmi.

In an samu a kan yaro ɗaya, a duba sauran 'yan ɗaki a rana guda, a kuma gaya wa maƙwabta ba tare da jin nauyi ba, tunda in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, naka ake shafa wa ruwa. Ɗankwali da hula da rigar matashi a wanke da ruwan zafi a shanya a rana, mataji a jiƙa shi cikin ruwan zafi. Fiye da haka wahala ce kawai, kuma babu dalilin hana yaro zuwa makaranta. Ƙwarƙwatar kai ba a san ta da yaɗa annoba ba. Wannan aikin 'yar'uwarta ne mai zama a ɗinkin tufafi, wadda likita Charles Nicolle ya tabbatar a Tunis a 1909 cewa ita ke ɗauko zazzaɓin taifus, ita ce kuma ta yaɗa zazzaɓi mai komowa da ya ratsa ƙasashen Sudan ta Yamma, har da ƙasar Hausa, a shekarun 1920. Amma in susa ta zama gyambo, ko ruwa ya fara fita, ko kaluluwa ta kumbura a wuya, to lamarin ya wuce mataji, sai a kai yaro gidan likita.