FASHIN BAƘI: Dalilin da ya sa ɗalibin sojin sama ke shan fareti kafin ya taɓa jirgi

Matashin da ya tashi daga Gumel ko Maigatari da burin tuƙa jirgin yaƙi, idan ya yi sa'ar shiga Makarantar Horas da Hafsoshin Soji ta Najeriya, wato NDA da ke Kaduna, zai daɗe bai ga cikin jirgi ba. Abin da zai fara cin karo da shi shi ne aski, da takalmin da sai ya goge shi har ya ga fuskarsa a jiki, da filin fareti inda samanja zai yi ta daka masa tsawa saboda ƙafarsa ta riga ta 'yan uwansa sauka ƙasa. Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin wahalarwa kawai. Akwai dalili a bayansa, kuma dalilin yana da iyaka da ya kamata duk mai bibiyar al'amuran ƙasa ya sani.

Najeriya ba ta bi tsarin Amurka ba, inda ɗalibi zai yi karatunsa a jami'ar farar hula yana sanya kaki wasu sa'o'i a mako, ranar da ya karɓi digiri kuma a liƙa masa anini. A nan babbar ƙofa ita ce NDA, wadda aka buɗe a 1964 da taimakon hafsoshin Indiya, ta kuma fara bayar da digiri daga 1985. A cikinta ɗaliban sojin ƙasa da na ruwa da na sama ke kwana a wuri ɗaya, suna cin abinci ɗaya. Ƙofa ta biyu ita ce ta gajeren kwas, ga waɗanda suka riga suka gama jami'a. Ita kanta Rundunar Sojin Sama a 1964 aka kafa ta, shugabanta na farko kuma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Koyon tuƙi yana zuwa daga baya, a makarantun rundunar da ke Kaduna da Kano.

Mene ne amfanin faretin?

Asalinsa dabarar yaƙi ce. A ƙarshen ƙarni na 16, Yarima Maurice na ƙasar Holan ya rarraba ɗura bindiga da harba ta zuwa matakai ƙanana, ya sa sojojinsa suna maimaitawa har jikinsu ya haddace. Sahu ɗaya ya harba ya koma baya ya ɗura, na biye ya matso. Yau babu mai yaƙi a jere haka, amma babu rundunar da ta yar da fareti, domin an gano yana yin wani aiki dabam a zukatan mutane. Masanin tarihi William McNeill, wanda shi ma ya sha fareti a sojan Amurka, ya rubuta littafi guda a 1995 a kan yadda motsi tare bisa kiɗa ɗaya ke ɗaure zukatan jama'a.

Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya bukatar littafi kafin ya gane wannan. Duk wanda ya taɓa shiga gayya ya san yadda gangar noma ke sa fartanyu ashirin su sauka lokaci guda, ya kuma san kunyar da ke kama saurayin da kunyarsa ta tsaya a baya. Hawan sallah a Gumel ma haka yake: mahayin da ya karya sahu ya ɓata wa dukkan tawagar hakiminsa ado. Fareti gayya ce da aka mayar doka. A filin, ɗan sarki da ɗan talaka tsawa ɗaya suke sha, kuskuren mutum ɗaya kuma kan jawo wa rukuninsa duka horo, har kowa ya koyi duba maɓallin rigar na kusa da shi kafin samanja ya gani.

Shugabanci kuwa ana koyar da shi ta hanyar ɗora nauyi tun da wuri. An raba ɗaliban NDA zuwa bataliyoyi masu ɗauke da sunaye irin su Burma da Abisiniya da Mogadishu da Dalet, suna gasa da juna a fareti da wasanni. Manyan ɗalibai ke riƙe da muƙaman kula da ƙanana, saboda haka yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai tsinci kansa yana amsa tambaya a kan laifin da wani ya yi. Wannan iko na manya a kan ƙanana shi ne kuma wurin da makarantun soja a ko'ina cikin duniya suka fi fama da zalunci, idan hukuma ta kau da kai.

Inda biyayya ke zama haɗari

Fareti yana koyar da jiki ya amsa umarni kafin tunani ya sa baki. A sama, wannan ɗabi'a tana iya kisa. A ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen fasinja biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Bincike ya nuna injiniyan jirgin KLM ya yi shakkar ko ɗaya jirgin ya bar hanya, ya tambaya, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, shi kuma bai nanata ba. Daga irin waɗannan haɗurra aka ƙirƙiro horon da ke koya wa ƙaramin ma'aikacin jirgi ya ce wa babba "dakata", ya kuma koya wa babban ya saurara. Rundunonin sojin sama da dama sun rungumi wannan horo.

A Najeriya maganar ta wuce ta haɗarin jirgi. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojin sama ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce aƙalla mutum 90 ne suka rasu, hedikwatar tsaro kuma ta bayyana daga baya cewa ba a sanya sansanin a taswirar da ake aiki da ita ba. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi mara matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri, hukumar NEMA ta ƙirga gawa 85. Ƙauyen yana cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, inda mazaunin NDA na Afaka yake. Kafin kowane bam ya faɗo, bayani kan bi ta hannun mutane da yawa: mai leƙen asiri, mai karanta hoto, mai riƙe da taswira, mai bayar da izini, sannan matuƙi. Aikin haɗin gwiwa na gaskiya shi ne a ce mafi ƙanƙanta a cikinsu yana da bakin cewa bai gamsu ba, ba tare da tsoron gadirum ba. Ba a koyon wannan da buga ƙafa.

Akwai kuma tambayar wa ake yi wa biyayyar. Hafsoshin da suka yi juyin mulki a ƙasar nan duk gwanayen fareti ne. Mutanen masarautar Gumel sun zauna ƙarƙashin gwamna hafsan sojin sama, marigayi Hamza Abdullahi ɗan Haɗejia, wanda ya riƙe tsohuwar Jihar Kano daga 1984 zuwa 1985, kafin a yanke Jigawa a 1991. Kwanan baya kuma sun ɗanɗana ta wata fuska: bayan sojoji sun kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyaka, babbar kasuwar dabbobi ta Maigatari ta yi sanyi, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Abin da hafsa ya fahimta game da matsayinsa a ƙarƙashin mulkin farar hula yana iya taɓa kuɗin rago a kara.

Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta cewa hafsoshi da ƙananan sojoji su fito daga kowane sashe na ƙasa, shi ya sa ake raba guraben NDA jiha-jiha. Jigawa tana da nata kason, amma ƙananan hukumomi 27 ne ke takara a kansa. Ɗan Gumel ko Gagarawa da ke so sai ya zo da sakamako mai kyau a darussa biyar, ciki har da Turanci da lissafi, ya rubuta jarrabawar JAMB, ya tsallake ta makarantar, sannan ya fuskanci gwajin lafiya da na ƙarfin jiki a gaban kwamitin tantancewa. Tun daga 2011 ƙofar a buɗe take ga 'yan mata ma. Wanda ke hangen tuƙin jirgi kuwa, gara ya riƙe darussan kimiyya tun daga ajin farko na babbar sakandare.