Marubuci Mai Zaman Kansa: Alƙalami da Ciniki

Marubuci mai zaman kansa ba shi da ofishin da zai je da safe, ba shi kuma da albashin da zai jira a ƙarshen wata. Abin da ya rubuta ya sayar, da shi zai yi cefane. Masu wannan sana'a suna da yawa a ƙasar Hausa, ko da yake ba kasafai ake jin sunansu ba. Akwai mai rubuta wa furodusa labarin fim, akwai mai fassara wa ƙungiyoyi takardun wayar da kai kan rigakafi ko zaɓe, ga mai tsara tallar rediyo, ga matan da ke rubuta littafi a waya suna sayarwa a WhatsApp. Da yawansu sun iya alƙalami. Inda ake kayar da su shi ne wajen ciniki.

A zamanin Abubakar Imam marubuci ma'aikaci ne. Hukumar Talifi ta Zariya ce ke ɗaukar nauyin bugu, shi kuma Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, yana karɓar albashinsa. Daga shekarun 1980, da tattalin arzikin Najeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. A wannan zango ne su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi fice. Marubuci shi zai biya maɗaba'a, shi zai kai kaya wurin 'yan littafi a kasuwar Sabon Gari, galibi bashi, ya riƙa zarya har a haɗa masa kuɗinsa. Tun daga nan marubucin Hausa ya zama ɗan kasuwa, ko ya so ko bai so ba.

Yau kasuwar ta koma cikin waya. Marubuciya za ta zauna bayan yara sun yi barci, tana bugawa da manyan yatsunta biyu, ido ɗaya a kan labari, ɗaya a kan cajin da ke ƙarewa. Shafukan farko kyauta take sakinsu, har sai labari ya kai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba. Nan take tsayawa ta sa lambar asusu. Wadda ta biya ta turo shaida, a saka ta a rukunin waɗanda suka biya. Dabara ce mai kyau, domin ta cire ɗan tsakiya. Amma kafin gari ya waye, sai ka ga wata ta kwashe shafin ta watsa a wasu rukunonin, wani kuma ya karanta littafin a YouTube yana cin kuɗin talla ba tare da ya nemi izini ba. Manhajojin sayar da littafi ma ba wurin miƙe ƙafa ba ne: OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a cikinta, ta rufe a 2023. Wanda bai ajiye kwafin aikinsa da hanyar isa ga masu karatunsa ba ya sha wahala.

Na fi jin takaicin yadda ake yi a harkar rubutun fim. Furodusa ya kira marubuci ya ba shi labari a baki cikin 'yan mintuna, ya ce a faɗaɗa. Marubuci ya tafi ya yi makonni yana gina taurari, yana rarraba fitowa, yana auna maganar da za ta dace da bakin dattijo da wadda za ta dace da bakin budurwa. Ba a yi maganar kuɗi ba, saboda kunya, ko don ana cewa ai mu ɗaya ne. Ya kawo aiki, a ce a sauya ƙarshe, a ƙara wa jaruma fitowa, a cire gidan Alhaji don ba a sami gidan da za a ɗauka ba. Bayan gyara na uku a ba shi abin da ya samu, a bi shi da Allah ya saka. Tela ba ya sa almakashi a shadda sai an yi tsada, me ya sa marubuci zai fara aiki a kan sai yadda hali ya yi?

Waɗanda suka daɗe a sana'ar suna da ƙa'ida. Suna yanke farashi tun farko, ko a kan shafi, ko a kan kalma idan fassara ce, ko a kan kowane kashi idan shiri ne mai dogon zango. Suna karɓar kafin alƙalami. Suna faɗin ranar kawo aiki da adadin gyaran da kuɗin ya ƙunsa, sannan su rubuta duk wannan, ko da a saƙon waya ne. Suna kuma fayyace abin da suka sayar: izinin amfani sau ɗaya, ko mallakar labarin gaba ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana tare da su a nan, domin ba ta ɗauki miƙa haƙƙin mallaka a matsayin abin da ya tabbata ba sai in a rubuce aka yi shi.

Sai dai wanda zai tsaya a kan farashinsa dole aikinsa ya tsaya masa. Edita ba zai sake kiran wanda bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa ba, ko wanda ke rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, ko mai cewa gobe har sau biyar. Sake karanta rubutu da babbar murya kafin a tura shi yana kama kurakuran da ido ya tsallake. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, tana fito da suna, amma cika alkawari ne ke sa mai aiki ya dawo.

Kai kuma mai karatu, idan an turo maka littafin kuɗi kyauta, kada ka tura wa wani. Nemi lambar marubuciyar ka biya ta.