Me ya sa ake ciyar da ƙudan zuma a Amurka?

Kafin Fabrairun kowace shekara, manyan motoci kan kwashi amya kimanin miliyan 2 zuwa gonakin almon na Kalifoniya, domin ƙudan zuma su yi wa itatuwan barbara. A hunturu furanni kan yi ƙaranci, ga shi da garin fure ƙudan ke renon 'ya'yansu. Shi ya sa masu kiwo ke cuɗa garin waken suya da yis da sukari, su saka musu a amya.

Haɗin bai kai garin fure amfani ba. A 2025, masanan Jami'ar Oxford sun samar da yis mai sinadaran da haɗin ya rasa. Amma noman iri guda da maganin ciyawa na ci gaba da cinye furannin daji. Gyaran wannan na hannun masu tsara dokokin noma.